Tambaya da Amsa: Launin Tsibiri a Zanen Haɗe-haɗe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana gaɓar tsibiri da fenti da yashi da ƙyalle a allo ɗaya, amma tekun kullum sai ya fito kamar ruwan kududdufi. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar daga ƙarƙashin fentin take. Ruwan gaɓar tsibiran Zanzibar ko Maldibs yana haske ne saboda ba shi da zurfi, farin yashin da ke ƙasansa kuma yana maido da hasken rana. Haka za ki yi wa allonki: ki shafe shi da farin jeso (farin shafin da ake fara yi wa allo kafin fenti) sau 2, kowane shafi ya bushe, sannan ki ɗora fentin akirilik (fentin da ake sirkawa da ruwa, mai saurin bushewa) ba da kauri ba, yadda farin zai riƙa leƙowa.

Wajen haɗi, ki fara da fari kashi 5, shuɗin fitalo (wani fenti shuɗi mai ƙarfin launi) kashi 1, da ɗigon rawaya mai hasken lemun tsami. Shuɗin ake zubawa cikin fari, kaɗan-kaɗan, don ƙarfi gare shi, yana iya cinye farin duka. Akirilik kuma yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka ki gwada a gefen kwali tukuna.

Ina kyautata zaton akwai laifi na biyu. Shuɗi da launin ruwan lemu ba sa ga maciji: in suka haɗu a jiƙe, ruwan ƙasa suke haifarwa. Ki gama teku, ki ba shi minti 30, kafin ki taɓa faɗuwar rana ko furanni. Kofin wanke buroshi ma ya zama 2, ɗaya na shuɗi da kore, ɗaya na ja da rawaya.

Tambaya: Yashin da na manna yana zubewa, takardar kuma ta lanƙwashe. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Barbaɗa yashi a kan gam ba ya riƙewa, ƙwayoyin ƙasa kaɗai ke kamawa. Ka kwaɓa shi cikin farin gam na kafintoci, yashi kashi 2, gam kashi 1, ka shimfiɗa da wuƙar fenti, ya kwana. Idan na bakin teku ne, ka wanke shi da ruwan daɗi ka shanya, domin gishiri yana jawo laima.

Takarda kuwa ba ta ɗaukar wannan nauyi. Ko mai kauri, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, ƙyalle da fenti kawai za ta iya. Yashi ko farin wuri sai katako ko kwali mai tauri, a shafa jeso gaba da baya don kada ya lanƙwashe. In za ka ƙara fentin mai, shi ne na ƙarshe, domin akirilik a kansa ɓarewa yake yi.