Amsa kan tseren Formula 1: kuɗin uba ne ko gwanintar direba?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko direbobin Formula 1 gwanaye ne na haƙiƙa ko kuwa 'ya'yan attajirai ne da aka saya wa kujera, ka kuma kawo misalin Lance Stroll, direban da ke tuƙa wa ƙungiyar mahaifinsa. Ni bakanike ne a nan Birnin Kebbi, ina bin wannan babban tseren motoci na duniya tun zamanin da Michael Schumacher ya lashe kambun duniya sau biyar a jere da Ferrari, daga 2000 zuwa 2004. Abin da na fahimta shi ne kuɗi ke yanke wanda zai shiga fagen, gwaninta kuwa sai a tsakanin waɗanda suka riga suka shiga ake auna ta.

Da wuya a sami wanda ke fara wannan sana'a yana baligi. Yaro yana farawa ne tun yana ɗan shekara shida zuwa takwas da 'yan ƙananan motocin da ake kira gokat, daga nan ya hau Formula 4, sai Formula 3, sai Formula 2, kuma a duk waɗannan matakai ba a biyan direba albashi, shi ne ma yake biyan ƙungiyar da ta ba shi mota. Kakar Formula 2 guda ɗaya takan ci wajen Yuro miliyan biyu. Mutane suna son kafa hujja da Lewis Hamilton, wanda mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka da dama don ya riƙe shi a gokat, to amma su kan manta cewa ƙungiyar McLaren ta ɗauki nauyinsa tun 1998 yana ɗan shekara 13. Iyayen Esteban Ocon gidansu da garejinsu suka sayar, suka koma kwana a cikin tirela, shi ma kuma daga baya sai da Mercedes ta tallafe shi kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Hatta Niki Lauda, wanda ya lashe kambu a 1975 da 1977 da 1984, rancen banki ya ci ya sayi kujerarsa ta farko a ƙungiyar March. Ke nan ko ɗan talakan da ya kai, da kuɗi ya kai, sai dai kuɗin na wani ne da ya ga alamar riba a jikinsa.

Game da Stroll, a yi masa adalci. Gaskiya ne mahaifinsa, Lawrence Stroll, ya jagoranci attajiran da suka sayi Force India a 2018, ƙungiyar da ta koma Aston Martin a 2021, kuma gaskiya ne kujerar ɗan ba ta girgiza kamar ta sauran. Amma yaron ya lashe Formula 3 ta Turai a 2016, ya zo na uku a tseren Formula 1 na Baku, babban birnin Azerbaijan, a 2017, ya kuma fi kowa gudu a gwajin share fage na Turkiyya a 2020, a kan titi mai santsi bayan ruwan sama, wanda ba aikin rago ba ne. Ya iya tuƙi. Matsalar ita ce kujeru ashirin kaɗai ake da su har zuwa 2025, kuma Felipe Drugovich, wanda ya lashe Formula 2 a 2022, ya ƙare a matsayin direban ko-ta-kwana a ƙungiyar da Stroll ɗin yake tuƙa wa. A nan ne kuɗi ke yin ɓarna: ba ya mayar da marar iyawa gwani, amma yana tare hanyar wanda wataƙila ya fi. Misalin da ya fi muni shi ne Nikita Mazepin, wanda kamfanin takin zamani na Uralkali mai alaƙa da mahaifinsa ya shigar da shi ƙungiyar Haas a 2021. Bai sami maki ko ɗaya ba, kuma da Rasha ta mamaye Ukraine a 2022 aka sallame shi tare da kuɗin. Tun 2016 dai hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta shardanta tara maki 40 daga ƙananan gasa kafin a ba da babban lasisin tuƙi a Formula 1, saboda haka ko ɗan sarkin kuɗi sai ya nuna wani abu tukuna.

Akwai kuɗi na biyu da tambayarka ba ta taɓo ba, kuma a ganina ya fi na uba tasiri, wato kuɗin ƙera motar. A 2008 Jenson Button maki uku kacal ya samu da Honda, a 2009 kuma ya zama zakaran duniya da ƙungiyar Brawn, alhali bai koyi wani sabon tuƙi a cikin watannin ba. A ƙarshen 2020, lokacin da korona ta kama Hamilton, aka aro George Russell daga Williams, inda ya saba zama a sahun baya, aka saka shi a Mercedes a Bahrain, sai ga shi yana jan ragamar tseren har sai da kuskuren canjin taya da facin da ya biyo baya suka mayar da shi na tara.

To ina gwanintar take? Ma'auni ɗaya na yarda da shi: a kwatanta direba da abokin tuƙinsa, tunda mota iri ɗaya aka ba su. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, amma Max Verstappen ne ya ci 19, Sergio Pérez biyu, kuma makinsu 575 da 285. A shekarar ce Fernando Alonso, yana da shekara 42, ya tara wa Aston Martin maki 206, Stroll kuma 74. Wannan tazara babu uban da zai iya saye.

Wani ɓangare na gwanintar a gareji na fahimce shi. Wani direban zai kawo mini mota ya ce kawai tana ƙara, sai in ɓata yini ina lalube; wani kuwa zai ce idan ya taka birki a kwanar hagu yana kan giya ta uku sai gaban dama ya yi rawa, kafin in ɗaga bonet na san inda zan duba. Manyan direbobin tsere irin na biyun ne. Suna faɗa wa injiniyoyi abin da mota ke yi a kowace kwana, suna lallaba taya don kada ta ƙone da wuri, suna yin haka a gudun da wani lokaci yakan haura kilomita 300 a awa ɗaya, na kusan awa ɗaya da rabi. Shi ya sa nake murmushi idan direbobin hanyar Jega zuwa Yauri suka ce a ba su motar su gani. Zuciya suna da ita, amma take totur shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

An yi ƙoƙarin rage ikon kuɗi. Daga 2021 aka ƙayyade wa kowace ƙungiya dala miliyan 145 a shekara, aka rage zuwa 135 a 2023, ban da albashin direbobi, kuma a 2022 aka ci tarar Red Bull dala miliyan 7 saboda ta zarce iyakar. Hakan ya matso da motocin kusa da juna, amma bai taɓa kuɗin da yaro zai kashe kafin ya iso ba.

Mu a nan ma ba mu kai ga wannan muhawara ba. Rabon nahiyar Afirka da karɓar tseren Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, kuma Jody Scheckter na ƙasar, wanda ya lashe kambu da Ferrari a 1979, Turai ya koma kafin ya yi suna. Idan akwai yaro a Zuru ko Kamba da Allah ya ba baiwar da ta kai ta Verstappen, babu filin gokat a kusa da zai gwada ta, ballantana wakilin wata ƙungiya ya gan shi. Verstappen kuwa mahaifinsa tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa gwanar gokat, kuma yana ɗan shekara huɗu aka ɗora shi a bayan sitiyari.