Malamin Dokar Laifuka: Shin Sai Wanda Kotu Ta Gagara?

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce mai karatun lauya, kuma ina sha'awar koyar da dokar laifuka. Amma abokan karatuna suna cewa wanda kotu ta gagara shi ne yake komawa aji. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yata, wannan magana ba ta da tushe. Bari in ba ki labarin mutumin da nake yawan tunawa da shi in an zo nan, wato Bryan Stevenson na Amurka.

An haife shi a 1959 a jihar Delaware. Yana ɗan shekara 16 ɓarayi suka kashe kakansa. Ke kya ce wanda ya ɗanɗana wannan baƙin ciki zai zama mai gabatar da ƙara ne, amma sai ya zaɓi kare waɗanda ake tuhuma. Ya gama karatun lauya a Harvard a 1985, a 1989 kuma ya kafa ƙungiyar Equal Justice Initiative a Montgomery, jihar Alabama, don tsaya wa talakawan da ba su da halin ɗaukar lauya.

Shari'ar Walter McMillian ce ta fi tsaya mini a rai. Baƙar fata ne da aka ɗora wa kisan wata budurwa, alhali mutane da dama sun shaida yana gida a lokacin. Kwana ɗaya da rabi kacal aka yi ana shari'ar. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya ce a'a, kisa. Stevenson ya yi ta ɗaukaka ƙara har ya tona cewa babban mai shaida, shaidar zur ya bayar. A 1993 aka saki McMillian, bayan shekara shida yana jiran ranar mutuwa.

To, wannan lauyan tun 1998 yake koyarwa a Jami'ar New York, kuma bai ajiye zuwa kotu ba. A 2012 ma ya yi nasara a Kotun Ƙoli, ta hana a wajabta wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba.

Shawarata, kada ki yi gaggawar ɗaukar alli. Ki fara zuwa gidan yari, ki zauna da wanda ya shekara yana jiran shari'a, ki ji ta bakinsa. Ki nemi beli a hana ki, ki sake nema. Ranar da ɗalibi ya tambaye ki yadda shaidar zur take kai mutum ga igiya, kina da fuskar da za ki tuna.