Ƙanena, kafin ka taho karatun fashewar taurari

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fiziks, kana so ka biyo ni Jamus ka karanci yadda taurari ke fashewa, har kana tambaya ko kullum a bakin madubin hangen nesa muke kwana. Ina! Shekarata uku a Garching, kusa da Munich, ban taɓa ɗora ido a kan madubin ba. Wanda muke aiki da shi, VLT, yana can kan dutsen Paranal a hamadar Atacama ta ƙasar Chile. Mu dai alƙaluma ke iso mana a kwamfuta.

Ga abin da muke bi. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, in makamashinsa ya ƙare, cikinsa da ya riga ya zama ƙarfe yakan rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, sai ya tarwatse. To, daidai ya watsu ta kowane gefe kamar ƙwallo, ko wani ɓangaren ya fi? Saboda nisa, ɗigo kawai ake gani, sai mu tambayi hasken. In haske ya yi karo da elektron, wato ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki, igiyarsa takan koma kaɗawa ta fuska guda, irin ƙyallin kwalta da tsakar rana da wani baƙin tabarau ke kashewa. In fashewar zagayayyiya ce, na wannan gefe ya soke na wancan, a tashi babu komai. In an samu rara, siffar ba ƙwallo ba ce. Haka aka gani a fashewar wani tauraro da aka hango a watan Fabrairun 1987.

Rarar nan sau da yawa ba ta kai ɗaya bisa ɗari ba, ga ƙurar da ke tsakanin taurari ita ma tana sa igiyar haske kaɗawa ta fuska guda, sai ka zauna ka cire nata. A nan ake yin furfura.

Don haka ka riƙe lissafi da harshen kwamfuta na Python da hannu biyu. A nan Jamus ana biyan mai karatun digirin digirgir, amma sai da digiri na biyu a hannu. Don samun sa, duba cibiyar nazarin lissafi ta AIMS ta Ghana ko ta Kamaru, ko Afirka ta Kudu mai madubin SALT a Sutherland. Turo min takardar sakamakonka in duba. Ka gaida Inna.