Kwamandan kumbo tsakanin sulhu da buɗe wuta: a ina ake juyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Gadarif ta ƙasar Sudan, ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa a wayata, ina tura wa ƙawayena babi-babi. Na kai wurin da kwamandan kumbon yaƙi yake neman sulhu da mutanen wata duniya da suka tare hanyar jiragen da ke kai wa jama'arsa ruwa. Sulhun bai yiwu ba, sai ya ba da umarni a buɗe wuta. Ƙawayena sun ce abin bai zauna musu ba. Wai a shafi ɗaya yana lallashi kamar dattijon unguwa, a shafi na gaba kuma ya birkice. Yaya zan juya shi daga magana zuwa faɗa ba tare da ya zama mugu ko mahaukaci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙawayenki suna da kunne, ki riƙe su da kyau.

Daga yadda kika bayyana, abin da ya ƙare wa kwamandanki haƙuri ne. An gaya masa magana, ransa ya ɓaci, ya ce a harba. Mai karatu ba ya ganin girman irin wannan mutumin, domin wanda aka damƙa wa rayukan ɗaruruwan mutane bai kamata baƙar magana ta motsa shi ba. Abin da ya kamata ya ƙare masa shi ne lokaci. Kafin a buɗe baki a fara tattaunawa, mai karatu ya riga ya san akwai wani agogo da ke tafiya, kuma ya san abin da zai faru idan ya cika. In kika yi haka, umarnin buɗe wuta zai zo wa mai karatu a matsayin abin da ya daɗe yana fargaba. Sa'arki ɗaya, sararin samaniya da kansa yana ba marubuci irin wannan agogo kyauta.

Fara da nisa. Saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga nan zuwa wata sakan ɗaya ne da ɗan ɗoriya, amma zuwa duniyar Mars yakan ɗauki tsakanin minti 3 da minti 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. To ki ajiye kumbunanki biyu a nisan kilomita miliyan 54, wato minti 3 na haske. Kwamanda ya yi tambaya, amsa ba za ta iso ba sai bayan minti 6, in ma an amsa nan take ke nan. Babu katse wa juna magana, babu musayar kalamai cikin zafi irin na fuska da fuska. Kowane saƙo wasiƙa ce. Abin da ya fi wannan tayar da hankali, duk abin da na'urorinsa ke nuna masa game da abokin gaba tsohon labari ne na minti 3 da suka wuce. Yana iya sauraron muryar mutum tana cewa a zauna lafiya alhali mai muryar ya riga ya saki makami.

Sai batun tsayawa, wanda a ganina shi ne mafi kyawun abin da za ki gina babin a kansa. Kumbo ba shi da birki. Idan ya yi kwana 10 injinsa na tura shi gaba, dole ya juya bayansa ya kunna injin kusan wasu kwana 10 kafin ya tsaya, kuma wutar injin ana hango ta daga nesa ƙwarai. Ke 'yar Gadarif ce, kin san babbar motar da ta yi lodin riɗi: in za ta tsaya a tasha, tun daga nesa ake jin direba na rage giya, in kuwa ba a ji ba, kowa ya san wucewa za ta yi. Haka kumbon abokan gaba. Akwai wani wuri a kan hanyarsu wanda in suka wuce shi ba su juya ba, ko sun so tsayawa ba za su iya ba. Bakinsu na iya cewa sun zo sulhu, injinsu kuma yana faɗin wani abu daban, kuma kwamanda mai hankali injin zai saurara. Ki ƙara masa wannan damuwar: fasa kumbo ba ya tsayar da shi. Tarkacensa zai ci gaba da tahowa da gudun da yake yi. Don haka in har zai harba, dole ya harba da wuri yadda tarkacen zai kauce wa jiragen dakon ruwan da yake karewa. In ya jinkirta, ko ya yi nasara mutanensa ne za su mutu.

Akwai wata alama ƙarama da za ta yi miki amfani. Kumbo yana tara zafi, kuma tunda babu iskar da za ta ɗauke shi, sai ya shimfiɗa manyan fika-fikai masu fitar da zafin, kamar waɗanda ke jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ba su da ƙwari, saboda haka mai shirin faɗa zai naɗe su. Ɗaya ya naɗe don tsoro, ɗayan ya gani ya naɗe nasa, kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya fara. Da zarar an naɗe kuma, ciki ya fara ɗumi, wani agogon ke nan.

Yanzu ita kanta tattaunawar. Kada ki bar ta ta rushe saboda ɗaya ɓangaren mugaye ne kawai. Tarihin ƙasar da kike zaune ya ishe ki misali. Janar Gordon, ɗan Birtaniya, ya iso Khartum a watan Fabrairun 1884, ya aika wa Mahadi, jagoran masu yaƙar mulkin Masar a Sudan, da tayin sarautar Kurdufan haɗe da tufafin girmamawa. Amma Mahadi ya riga ya ci Al'ubayyid, babban birnin Kurdufan, tun Janairun 1883, ya kuma murƙushe rundunar Masar da Hicks ke jagoranta a Shaikan a watan Nuwamban shekarar. An yi masa kyautar abin da ke hannunsa ke nan. Shi kuma ya mayar da tufafin, ya aika wa Gordon jibba mai faci irin ta mabiyansa, ya kira shi ya shiga Musulunci ya bi shi. Kowannensu ya miƙa abin da yake ganin shi ne mafi daraja a wurinsa, kowannensu kuma ya karɓi na ɗayan a matsayin raini. Aka yanke wayar tangaraho, aka kewaye birnin Khartum, ya faɗi ranar 26 ga Janairu, 1885, jiragen ruwan agaji suka iso bayan kwana biyu. Ki tambayi kanki: me kwamandanki zai miƙa da zuciya ɗaya wanda a wurin waɗancan mutanen zagi ne? Wataƙila ya ce zai biya kuɗin ruwan, alhali a wurinsu sayar da ruwa abin kunya ne da ba a ko ambatawa. Nan ne sulhu zai mutu ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, kuma ya fi ciwo.

Ki kuma tuna su wa kike rubuta wa. Masu karatunki sun ji ɓangarorin da ke yaƙi a Sudan sun sa hannu kan yarjejeniya a Jidda a watan Mayun 2023, sun kuma ci gaba da jin ƙarar bindiga. Ba za ki ruɗe su da cewa magana tana ƙarewa sannan faɗa ya fara ba. Sun san ana yin su tare. Ki bar sojojin kwamanda suna ɗora makamai a ƙasan kumbo yayin da shi yake sama yana zaɓen kalmomi masu taushi, kuma ki bar shi ya san da hakan yana jin nauyinsa.

Kada ki bar shi shi kaɗai da mabuɗi. Ranar 27 ga Oktoba, 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba, jiragen yaƙin Amurka sun tsare wani jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet mai lamba B-59, suna jefa masa ƙananan bama-bamai na gargaɗi don ya fito sama. Na ciki sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba, batir ya yi ƙasa, zafi ya yi tsanani har mutane na suma. Kamar yadda waɗanda ke ciki suka ba da labari daga baya, kyaftin Valentin Savitsky ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a shirya makamin nukiliyar da suke ɗauke da shi, wani babban jami'in da ke cikin jirgin kuma, Vasili Arkhipov, ya ƙi amincewa, jirgin ya fito sama. Abin lura a nan, gargaɗin wani ɓangare ne ya zama hari a kunnen ɗayan. Ki ba kwamandanki mataimaki irin wannan, mutum mai hujja mai ƙarfi, wanda mai karatu zai ce ai gaskiyarsa. A labarinki kwamanda zai rinjaye shi, amma sai ya amsa masa da hujja tukuna. Kuma ki bar ƙofar kuskure a buɗe. A ranar 3 ga Yuli, 1988, jirgin yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya taso daga Bandar Abbas zuwa Dubai, bisa zaton jirgin yaƙi ne, mutum 290 suka mutu. Mintuna kaɗan ne tsakanin tashinsa da harbo shi. Mai karatu ya rufe babinki yana tambayar kansa ko injin waɗancan mutanen lalacewa ya yi shi ya sa ba su juya ba.

Abu guda kuma da marubucin wata al'umma ba lallai ya kawo ba, ke kuwa masu karatunki za su nema: shin ya sanar da su cewa sulhu ya ƙare? Aya ta 58 a Suratul Anfal ta yi umarni cewa in ana tsoron ha'incin waɗanda aka yi alkawari da su, a mayar musu da alkawarinsu a fili, kowa ya san inda aka tsaya. In kwamandanki ya tashi a gidan da aka san wannan, yana cikin tsaka mai wuya. Sanarwa za ta ba abokan gaba damar kaucewa ko ramawa. Rashin sanarwa kuma ya mai da shi maha'inci a idon kansa da na yaransa. Ni dai da zan zaɓa miki, ya sanar, kuma sanarwar ta jawo masa asarar da za a gani da ido. Wannan kaɗai ya isa ya raba shi da mugu.

Ga yadda wurin juyawar zai iya kasancewa, ki sāke shi da naki bakin:

"Yallaɓai, saura minti 9 su wuce wurin juyawa. Injinsu a kashe yake."

Kwamanda ya dubi agogo. Zuwa da dawowar saƙo minti 6. Magana ɗaya ta rage masa.

"Buɗe mini layi." Ya jira fitilar ta kama. "Ba na neman amsa da baki. Ku kunna injinku in gani. In ban gani ba, babu sauran alkawari tsakaninmu, kuma na faɗa muku tun kafin in ɗaga hannu."

Mataimakiyarsa ta matso, ta yi ƙasa da murya. "In kuma injin ne ya ƙi tashi fa?"

"Da sun faɗa."

"Mu da namu ne ya mutu a gabansu, za mu faɗa?"

Bai amsa ba. Ya ce a kai wa masu kula da makamai ruwan sha, don ciki ya fara zafi.

Kin ga muryarsa ba ta tashi ba. Jimlolinsa ne suka gajarce, lallashi ya fita daga cikinsu. Minti shidan nan na jira su ne zuciyar babin, ki zauna a cikinsu, ki nuna wanda ke motsa baki yana addu'a da wanda ya kasa ɗauke ido daga allo. Umarnin kansa kalma biyu ya isa. Kuma duk abin da zai yi aiki a nan, wurin juyawa da fika-fikan zafi da halin mataimakiyar, ki shuka shi tun babukan baya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Faɗan kuwa ki taƙaita shi. A sarari babu iska, don haka babu ƙarar fashewa daga waje; abin da za su ji shi ne girgizar jikin kumbonsu lokacin da makami ya fita, sai shiru da jira, wataƙila na sa'o'i ko kwanaki. Ba kya buƙatar wani makamin al'ajabi. Ƙarfe mai nauyin kilo 1 da ke gudun kilomita 3 a sakan yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na kilo 1 na nakiyar TNT, in gudun ya ninka sau 10 ƙarfin ya ninka sau 100. Kada kuma filin ya share kansa bayan an gama. Lokacin da Sin ta harbe wani tsohon tauraron ɗan'adam nata a Janairun 2007, ya tarwatse zuwa gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu, da yawansu suna can suna kewaya duniya har yau. Hanyar ruwan da kwamandanki ya yi faɗa dominta za ta cika da irin wannan tarkacen, kuma jiragen jama'arsa ne za su bi ta cikinsa a babi na gaba.