Ƙarfafa shasin mota yana sauya tsayinta daga ƙasa?

Ka tambaya ko ƙarfen da ake ɗaurawa don ƙarfafa shasi zai ɗaga motarka ko ya sauke ta. A'a, ba aikinsa ba ne. Sifirin ne ke riƙe da nauyin mota, don haka tsawonsa da taurinsa, da girman taya, su ke yanke tsayinta. Sandar da ake gittawa tsakanin kawunan shokozoba biyu, ko ƙarin walda a gaɓoɓin bodi, murɗewa kawai suke ragewa a kwana.

Sai dai nauyi yana da tasa rawar. A ce ka saka kejin ƙarfe mai kilo 40 a cikin mota, nauyin ya rabu daidai a kan sifirin huɗu, kowane sifirin kuma kilo 3 ke danne shi milimita 1: motar za ta sauka kamar milimita 3, wanda ido ba ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarƙashi. Bodi bai motsa ba, amma ƙarfen ya leƙo ƙasa, shi zai fara gogar tudu.

Kafin aiki da bayansa, auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, a shimfiɗaɗɗen wuri.