Tambaya da Amsa: Wace Taya Zan Sa wa Keken Tsere?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi keken tsere na gwanjo, an rubuta 700x23 a jikin tayoyinsa. Kullum ina wurin mai faci, ga jijjiga har hannuna ya mutu. Abokina ya ce in sayi Continental GP5000, mai shago kuma ya ce Kenda ta ishe ni. Wacce zan ɗauka?
Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bar zancen kamfani tukuna, dubi 23 ɗin nan. Faɗin tayar ke nan a milimita, kuma daga nan wahalarka ta faro. Siririyar taya sai an cika ta da iska tam, shi ya sa kowace tsakuwa kake jin ta a kafaɗa. In ka rage iskar kuma, da ka faɗa rami sai bakin rim ya cije tiyub, ya huda shi wuri biyu kusa da juna. Su kansu 'yan tseren Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, yau akasarinsu 28 ko sama da haka suke hawa. Sai dai ka duba sararin da ke tsakanin taya da birki kafin ka biya, domin tsofaffin kekuna da yawa 25 ce iyakarsu.

Abokinka bai yi ƙarya ba. GP5000 tana da laushi, ba ta da nauyi, tana kama kwalta a kwana, daɗin tuƙi kam babu kamarta a cikin waɗanda zan ambata. Amma gefenta ba kauri, kuma kuɗinta ya ninka na ƙanwarta Ultra Sport. A hanyar da tsidau da fasassun kwalabe suke warwatse a gefen titi, ni ina jin tausayin kuɗin.

Gatorskin, ita ma ta Continental, ta fi jure ƙaya da yanka, tana kuma daɗewa. Aibinta tauri, kuma in an yi ruwa sai ka bi kwana a hankali. Schwalbe Marathon Plus ta fi ta ƙarfi ma, akwai shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a cikinta, amma nauyinta ya kai wajen ninki uku na GP5000. Ta mai zuwa aiki ce, ba ta mai neman gudu ba.

Kenda kuwa iri-iri ce, tambayi mai shagon wacce yake nufi.

Da ni ne kai, Gatorskin mai 28 zan sa, in keken zai ɗauka. In aljihu bai kai ba, sa ta a baya kawai, inda nauyi yake kuma taya ta fi saurin cinyewa, ka sa Ultra Sport a gaba. Sannan ka nemi famfo mai agogo. Mutum mai kilo 70 a kan taya 28, iska wajen psi 70 zuwa 75 (ma'aunin iska da agogon famfon yake nunawa) ta wadatar, ta gaba kuma a ɗan rage mata.