Hular haƙori ta kwamfuta ko ta kwaɓi: amsoshin tambayoyin masu karatu

Tambaya ta farko daga wata malama ce wadda aka cire wa jijiyar turminta na ƙasa, aka kuma shaida mata cewa dole a rufe haƙorin da hula kafin ya tsage. Wani asibiti ya ce zai ɗauki hoton bakinta da na'ura ya sassaƙa hular a zama ɗaya, wani kuma ya ce zai cusa mata kwaɓi ya ɗauki zubin haƙorin, ta dawo bayan mako biyu. Tana son sanin wanne ya fi, tana kuma fargabar kada aikin na'urar ya zama gwaji ake yi a kanta.

Malama, ki kwantar da hankalinki game da batun gwaji. Tun a 1973 wani likitan haƙori ɗan Faransa, François Duret, ya rubuta kundin karatunsa a kan ɗaukar zubin haƙori da haske, kuma a 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka yi wa mutum na farko aiki da na'urar CEREC, mai ɗaukar hoton haƙori ta kuma sassaƙa abin da za a liƙa masa, a Jami'ar Zurik da ke Suwizalan. Abin da aka shafe kimanin shekara 40 ana yi ya wuce a kira shi gwaji. Likita zai fara feƙe haƙorin, sannan ya zagaya bakinki da wata sanda mai kyamara a kai, wadda ke ɗaukar hotuna masu yawan gaske, manhaja tana ɗinke su har siffar haƙoranki ta fito a allon kwamfuta. A kan wannan siffa ake zana hular, inji ya sassaƙa ta daga dunƙulen tangaran, a gasa ta, a liƙa.

Sai dai abin da ke raba hula mai kyau da marar kyau yana bakin hular ne, wato daidai inda ta haɗu da haƙori kusa da dasashi. Idan aka bar rata a wurin, ƙwayoyin cuta za su samu mafaka, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ƙarƙashin hular, kuma da yake an cire jijiyarsa ba za ki ji zafin da zai ankarar da ke ba. Ma'aunin da masu bincike suka fi kafa hujja da shi har yau shi ne na McLean da von Fraunhofer na 1971, cewa kada ratar ta wuce maikiromita 120, wanda bai fi kaurin silin gashi da yawa ba. Hanyoyin biyu duk suna iya cika wannan sharaɗi a hannun wanda ya iya, kuma duk suna iya gazawa a hannun mai gaggawa. Raunin kyamarar shi ne ba ta ganin abin da haske bai kai gare shi ba. Idan jini ko miyau ya kwanta a bakin haƙorin, ko kuma feƙewar ta nutse ƙarƙashin dasashi, manhajar za ta cike gurbin da kintace, injin kuma ya sassaƙa kintacen yadda aka ba shi. Shi ya sa likitan kirki yake tura ɗan siririn zare tsakanin dasashi da haƙori, ya tsayar da jinin, ya busar da wurin kafin ya ɗauki hoto. A nan kuma kyamarar take da wata falala da nake matuƙar so: likita na iya faɗaɗa hoton a allo nan take, ya bi layin feƙewar da ido, in ya ga wuri ya dushe ya goge shi kaɗai ya sake ɗauka. Ki roƙe shi ya nuna miki wannan layi. Idan kika ga ya zagaye haƙorin a fili ba tare da yankewa ba, an kama hanya.

Ki kuma tambayi abin da za a yi hular da shi, domin wannan ya fi sunan na'urar muhimmanci. Kaya biyu ne suka fi yawa. Zirkoniya ta asali tana da ƙarfin da ya kai kimanin megafaskal 1,000 (ma'aunin matsin da abu ke jurewa kafin ya karye), ana sassaƙa ta tana da taushi kamar alli kuma ta fi girman da ake so, sai ta tsuke da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka gasa ta a zafin da ya kai digiri 1,500. Litiyam disiliket, wanda aka fi sani da sunan e.max na kamfanin Ivoclar, ƙarfinsa bai kai rabin haka ba a yawancin gwaje-gwaje, amma haske yana ratsa shi kamar haƙorin gaske. Yana fitowa daga injin da launin shuɗi-shuɗi, sai ya shiga tanderu a kusan digiri 850 sannan ya rikiɗe zuwa launin haƙori. Ga turmi, musamman idan kina cizon haƙora cikin barci, zirkoniya ta fi dacewa, da sharaɗin a goge ta ta yi sumul bayan an daidaita cizo, domin idan aka bar ta da kaushi za ta riƙa cin haƙorin da ke samanta. Ra'ayina shi ne, idan bakin feƙewar yana bayyane, ki zaɓi hoton na'ura, balle idan kwaɓi yana tayar miki da zuciya. Idan kuwa ya nutse sosai, kada ki raina wanda ya ce zai yi da kwaɓi.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce da haƙoransa suka zube gaba ɗaya. An ba shi zaɓi tsakanin haƙoran roba da inji ke sassaƙawa da waɗanda na'urar ɗab'i mai siffa uku ke fitarwa, an kuma ce masa bincike ya nuna na ɗab'in suna da ƙarko.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na sassaƙa ana yanko su ne daga faifan roba da aka riga aka daskarar a masana'anta cikin zafi da matsi, saboda haka ba sa sake tsukewa, suna kama dasashi da kyau, kuma sun fi jure tauna. Na ɗab'i ana gina su ne shimfiɗa bisa shimfiɗa daga ruwan roba da haske ke daskararwa. Sun fi saurin yi, ba sa ɓarnar kaya, amma robarsu sabuwa ce a fagen, kuma ingancinta ya dogara da yadda aka wanke ta aka ƙarasa daskarar da ita. Game da binciken da aka ambata maka, ka tambaya ko a bakin mutane aka yi shi ko a ɗakin gwaji. Yawancin gwajin sababbin kaya ana yin sa ne da injin da ke kwaikwayon tauna, inda ake ɗaukar tauna miliyan 1.2 a matsayin kimanin shekara 5. Wannan gwaji yana da amfani, amma inji ba shi da dasashin da ke ramewa, ba ya kuma sakin haƙoran su faɗi a ƙasa lokacin wankewa. Da ni ne, zan yi amfani da na ɗab'i a matsayin na gwaji, in saka su in yi magana in tauna, a gyara abin da ya kamata, sannan a sassaƙa na dindindin.

Akwai abu biyu da ba kasafai ake faɗa ba. Bakin da ba haƙori yana da wuyar ɗauka da kyamara, domin nama mai santsi da motsi ba shi da alamomin da manhaja za ta kama, don haka kada ka yi mamaki idan an haɗa da kwaɓi. Na biyu, za a ce maka an adana zanen a kwamfuta, in sun karye a sake fitar da irinsu. Gaskiya ne, amma ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da zaizayewa bayan zubar haƙora, saboda haka zanen da ya dace bana zai iya yin sako-sako bayan 'yan shekaru, dole a sake aunawa.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wani matashi da ya rasa haƙori ɗaya yana tambaya ko hoton ƙashi mai siffa uku da kuma jagorar tiyata da aka ce a yi masa kafin dashen haƙori ƙarin caji ne kawai.

Ɗan'uwa, a mafi yawan lokaci ba haka ba ne. Dashen taitaniyam da kansa, wato ɗan ƙarfen da ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi a madadin saiwar haƙori, tsohon ilimi ne, domin Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya yi wa mutum na farko tun 1965. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne ganin kauri da tsawon ƙashin kafin a taɓa shi. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe da haɓa, kuma ƙa'ida ita ce a bar aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙarshen dashen. Jagorar, wadda ake ɗorawa a kan haƙora, tana riƙe abin hudar a kusurwa da zurfin da aka tsara. Hoton ya fi hoton haƙori na yau da kullum yawan hasken nan mai ratsa jiki (radiyeshon), don haka ka nemi a taƙaita shi ga yankin giɓin kaɗai. Kafin ka biya komai, ka gaya wa likitan idan kana shan sigari ko kana da ciwon suga da bai daidaita ba, domin su biyun suna hana ƙashi kama dashen yadda ya kamata. Ka kuma nemi a rubuta maka sunan kamfanin dashen da girmansa ka adana, saboda duk likitan da zai gyara shi nan gaba sai ya san irin sukurun da zai nema.